TUNAWA DA MAGABATA: HAJIYA GAMBO SAWABA, MATAR DA TA SHA ƊAURI DON ƘURI'AR MATAN AREWA

A wannan fitowa filin namu zai leƙa Zariya ne, domin kawo tarihin wata baiwar Allah wadda sunanta ya zagaya Arewa tun kafin a haifi mafi yawanmu, wato marigayiya Hajiya Gambo Sawaba. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa mutanen Tudun Wadan Jos da matar Zariya? To, abin da ya haɗa mu da ita yana cikin aljihun kowace uwa da ke unguwar nan, wato katin zaɓe. Yaran yanzu sun taso sun tarar da layin mata a rumfar zaɓe, wani lokaci ma ya fi na maza tsawo, sai su ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Ba haka ba ne. Har aka ba Nijeriya mulkin kai a 1960, har Jamhuriya ta Farko ta zo ta wuce, babu macen da doka ta yarda ta jefa ƙuri'a a zaɓen majalisa a Jihar Arewa, ko Musulma ko Kirista, ko ta Kano ko ta kan dutsen Filato. Sai a 1976 aka buɗe wannan ƙofa, kuma cikin waɗanda suka yi ta bugun ƙofar har ta buɗe, babu wanda jikinsa ya gaya masa kamar wannan mata.

An haife ta ranar 15 ga Fabrairu, 1933. Sunanta na yanka Hajaratu. Gambo kuwa, kowane Bahaushe ya san ma'anarsa: wanda ya biyo bayan tagwaye. Mahaifinta ba mutumin ƙasar nan ba ne, daga Gwalkwas ya zo, wato Gana ta yanzu, wajen 1910. Safiyo ne, ya yi aiki da Reluwe, ya zauna Zariya, ya Musulunta aka sa masa suna Isa, amma sunan gidansu Amarteifio bai ɓace ba. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce daga ƙasar Lavun, a Jihar Neja ta yau. Ka ga ke nan, in da za a bi ma'aunin nan na "ɗan ƙasa" da "baƙo" da ake auna mu da shi a garin nan, da Gambo ba ta da bakin magana a Zariya. Uba daga Gwalkwas, uwa daga Nufe. Amma yau babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a cikin Zariya sunanta yake ɗauke da shi, kuma ban taɓa jin wani Bazazzagi ya ce a kankare ba.

Reluwen nan da ya kawo mahaifinta Arewa shi ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu nan Jos. Ƙaramin layin dogo da ya taso daga Zariya ya iso Jos a 1914, ya yi ta jigilar kuza da leburori da fatake har aka rufe shi a 1957. Saboda haka Sabon Gari da Tudun Wadan Zariya inda Gambo ta tashi, irin zaman namu ne: Bahaushe, Banufe, Bayerabe, Inyamuri, kowa da abin da ya kawo shi, kasuwa ɗaya, famfo ɗaya.

An sa ta makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wadan Zariya, amma karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943 tana da shekara goma, bayan shekara uku mahaifiyar ma ta bi shi. Tana da shekara 13 aka ɗaura mata aure da wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu mai suna Abubakar Garba Bello. Auren bai yi ƙarko ba, mijin ya sa ƙafa ya tafi bai dawo ba, ya bar ta da ciki. Ta haifi 'yarta Bilkisu a 1949. Ta sake yin aure daga baya ba sau ɗaya ba, amma wannan ba shi ne abin da ya kawo mu ba, don haka mu wuce.

Abin da kowa ya shaide ta da shi tun tana ƙarama shi ne rashin tsoro, da kuma zafin zuciya, gaskiya ɗaya ce. Ana ba da labarin cewa in ta tarar ana cin zalin ƙaramin yaro a hanya, ba ta tsayawa tambayar ba'asi, sai ta saye faɗan. Kullum ta koma gida da yagaggiyar riga, har uwar ta gaji ta koma ɗinka mata da yadi mai kauri. Masu iya magana sun ce hali zanen dutse. Abin da ta yi ke nan har ta koma ga Mahaliccinta, sai dai faɗan ya tashi daga na yaran unguwa ya koma na hukuma.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa ya shigo, daga baya ya zama shugabanta. Kirarin jam'iyyar shi ne Sawaba, wato samun sauƙi da kuɓuta daga ƙangi. Gambo tana da shekara 17 ta yanki kati a reshen Zariya, a lokacin da manyan maza masu gemu suke ɓoye nasu katin a ƙarƙashin tabarma. Dalili kuwa, a zamanin nan En'e ce komai. Ita ke da 'yan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari, ita ke karɓar haraji da jangali, kuma ita ke ba da takardar izinin yin lacca. In ta ga dama ta hana, in ka yi ba izini ta kama ka, ta kai ka gaban alƙalinta, ta ɗaure ka a gidan yarinta. Ɗan kasuwa irina ya san abin da wannan ke nufi: mai awo shi ne mai kaya, shi ne kuma mai sasanta rikicin ciniki.

A irin wannan hali ne aka yi wata lacca a Zariya, maza suka cika fili amma kowa na jin nauyin bakinsa, sai ga yarinya ta hau dandamali ta yi magana. Daga ranar sunanta ya fita. A lura, akwai wani namiji jigon NEPU a Zariya da ake kira Malam Gambo Sawaba, kada mai karatu ya haɗa su. Ita da farko Gambo Sawabiya ake ce mata, daga baya bakin jama'a ya gajarta. Ba a daɗe ba aka zaɓe ta shugabar mata ta jam'iyyar.

Ta yi tattaki har Abekuta don ganin Madam Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta jagoranci matan kasuwar Egba suka yi ta zanga-zanga kan harajin da aka ɗora wa mata, har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a farkon 1949. A can Gambo ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: matan kasuwa marasa boko, masu tallan tumatir da atamfa, sun haɗa kai da rajista da kuɗin ƙungiya, hukuma na jin tsoronsu. Ta dawo gida da wannan darasi.

YADDA AKE ZAƁE A WANCAN ZAMANI

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu tsaya mu ga mene ne ainihin abin da ake faɗa a kansa, domin ba mata kaɗai aka tauye ba.

Zaɓe ya fara shigowa Nijeriya ne a ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922, kuma kujeru huɗu ne kacal: uku a Ikko, ɗaya a Kalaba. Mai jefa ƙuri'a sai namiji mai samun fam 100 a shekara. Arewa ba ta ma cikin lissafi. Sai a 1951, ƙarƙashin tsarin Macpherson, aka yi zaɓe na farko a Arewa, shi ma ba irin wanda muka sani ba. Zaɓe ne na hawa-hawa. Maza masu biyan haraji su taru a unguwa ko ƙauye su zaɓi wakilai, waɗannan su je gunduma su zaɓi wasu daga cikinsu, haka ake ta tacewa har a kai matakin lardi, inda 'yan tsirarun da suka rage za su zaɓi wanda zai tafi majalisa a Kaduna. Bugu da ƙari, a matakin ƙarshen nan doka ta ba En'e dama ta cusa nata mutanen waɗanda ba wanda ya zaɓe su. Abin da ya faru a Kano shi ne, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko inda talaka ke da baki, amma da aka kai ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta samu ba. Kamar mutum ne ya auna hatsinsa cikakken buhu a gona, kafin ya iso kasuwa kowane shinge an ɗebi tiya, ya iso da buhu wayam.

Don haka buƙatun su Gambo a fili suke: a yi zaɓe kai tsaye, a yi shi a asirce yadda mai unguwa ba zai san wanda ka zaɓa ba, kuma kowane baligi ya samu ƙuri'a ɗaya, namiji ne ko mace. Yau duk jam'iyyun ƙasar nan a kan wannan suke, babu mai musu. A wancan lokaci kuwa faɗin haka na iya kai mutum gidan kaso.

Kuma ya kai ta. A 1952 aka tura ta Kano don ta wayar da kan mata. Ta riƙa shiga gida-gida, tana zama da matan kulle a tsakar gida tana yi musu bayani, abin da namiji ɗan siyasa ba zai taɓa iyawa ba. Labari ya kai kunnen hukuma, aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali bisa zargin tana fitar da matan aure daga gidajensu, aka yanke mata wata uku. Daga baya hukumar En'e ta Kano ta hana ta zama a ƙasar Kano gaba ɗaya, aka haɗa ta da 'yan doka suka raka ta. Wannan shi ne somin taɓi. Lissafin da aka fi sani shi ne an ɗaure ta sau 16 a rayuwarta. Har ta kai tana da bargonta na musamman da take ajiye shi a shirye, domin in ta fita lacca ba ta da tabbacin a gida za ta kwana.

Ɗauri ma da sauƙi a kan sauran. An yi mata bulala a bainar jama'a. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. 'Yan banga sun tare ta sun yi mata dukan kawo wuƙa, suka yar da ita a daji suna zaton ta mutu. Ta rasa haƙoranta na gaba a wannan hanya. Shekarun nan ne aka yi 'Yan Mahaukata a Kano, masu farautar 'yan NEPU, ita ma NEPU ta kafa nata matasan don ramuwa, gari ya zama fagen sanda da gora. Duk wanda ya ce maka siyasar da tsabta ce zalla, bai tambayi tsofaffi ba.

Akwai kuma dukan da ba a ganin tabonsa, wato na baki. Duk macen da ta fito siyasa a lokacin, sunan da ake ba ta ɗaya ne, kowa ya san shi, ba sai na rubuta a mujallar da 'ya'yanmu ke karantawa ba. Da wannan suna aka kori mata masu yawa daga fagen, domin mace za ta iya jure yunwa amma da wuya ta jure a taɓa mutuncinta, balle a ce iyaye da miji na ji. Gambo ta toshe kunnenta. Ni a ganina wannan ya fi zaman kurkukun wuya.

A 1956 ta jagoranci mata suka je ofishin Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, a Kaduna, suka kai kukansu a kan ƙuri'a. An saurare su, amma ba abin da ya canja. A shekarar aka yi zaɓen majalisar Arewa, aka ɗan sassauta aka yi zaɓe kai tsaye a wasu manyan garuruwa, sauran wurare aka ci gaba da hawa-hawa. Mata dai ko oho. A tarurrukan tsarin mulki da aka yi a Landan a 1957 da 1958, NEPU ta nemi a ba matan Arewa ƙuri'a, jam'iyyar NPC mai mulki ta ƙi, Turawa kuma suka bar maganar yadda masu mulkin suka so. Sakamakon haka, a babban zaɓen tarayya na 12 ga Disamba, 1959, wanda aka yi kai tsaye kuma a asirce, kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, matan Gabas da na Yamma da na Ikko suka fito suka zaɓa, matan Arewa suna gida. Majalisar tana da kujeru 312, Arewa na da 174, kuma an raba kujerun ne bisa yawan jama'a. Wato da aka zo ƙidaya an ƙirga iyayenmu mata, da kawunansu aka samo kujerun, amma da aka zo zaɓen wanda zai hau kujerar sai aka ce su koma ɗaki. NPC ta tashi da kujeru 134, NEPU ta samu 8, cikinsu har da ta Malam Aminu Kano.

A nan dole mu yi adalci, domin wannan mujalla ba ta wata jam'iyya ba ce, kuma a cikin ƙungiyarmu akwai jikokin 'yan fartanya, akwai jikokin 'yan tauraro. Sardauna ya yi wa Arewa aikin da har gobe ana cin moriyarsa, Jami'ar Ahmadu Bello kaɗai ta isa shaida. Hujjarsu a lokacin ita ce jama'a ba su shirya ba, malamai da sarakuna da mazaje ba za su lamunta ba, in aka tilasta za a tayar da fitina, a bari sai ilmi ya yaɗu. Ba magana ce ta wofi ba, kuma mutane da yawa masu mutunci sun yarda da ita tsakani da Allah. Amma ni dai na auna ta ban ga ta cika mudu ba.

Dalilina na farko, maƙwabta. A 1956 Faransa ta yi dokar da ta ba kowane baligi, mace da namiji, ƙuri'a a ƙasashen da take mulka. Saboda haka Bahaushiyar Maraɗi da ta Damagaram suna da ƙuri'a, 'yar'uwarsu ta Katsina da ta Daura ba su da ita, alhali harshe ɗaya, addini ɗaya, kulle ɗaya, wani lokaci ma kaka ɗaya. A can ma akwai jam'iyyar Djibo Bakary da ake kira Sawaba. Masar, ƙasar Azhar, a 1956 ɗin nan ta ba mata ƙuri'a. Na biyu kuma ya fi wannan ban mamaki. Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo, wato su Mubi da Gwoza da Dikwa, tare da Jihar Arewa ake mulkinsa. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 kan ko su zauna a Nijeriya ko su bi Kamaru, Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage sai mata sun jefa. Suka fito suka jefa, sama ba ta faɗo ba, yankin ya zaɓi Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Daga nan kuma matan da ƙuri'arsu ta taimaka aka samu lardin suka koma cikin dokar da ta hana su zaɓen ko da kansila.

Na uku, mu da muka zauna gaban malamai a Islamiyya mun karanta cewa mata sun yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a da kansu, ba a ce ta mazajensu ta wadatar ba, kuma maganar tana cikin Suratul Mumtahana. Malaman tarihi sun kawo cewa lokacin da Abdurrahman bin Auf (RA) yake neman ra'ayin mutanen Madina kan wanda zai gaji Sayyidina Umar, har matan da ke cikin ɗakunansu ya tuntuɓa. A ƙasarmu kuma ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta tsara jajis da 'yan taru suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ban ce Gambo malama ba ce, ba ta kuma yi da'awar haka ba. Amma abin da ta nema bai fita daga shari'a ba, al'ada ce aka yafa mata rigar addini.

Ba ita kaɗai ba ce, kada a ce mun manta da wasu. A Gabas akwai Margaret Ekpo ta Aba, wadda ta ci zaɓen majalisar jiharsu a 1961. A Arewa kuma, ko a ɓangaren masu mulki, Jam'iyyar Matan Arewa da aka kafa a 1963, su Hajiya Laila Dogonyaro, sun riƙa tayar da maganar cikin lalama, ta hanyar da ta dace da matsayinsu. Wani ya ja da ƙarfi, wani ya ja a hankali, igiyar dai ɗaya ce.

Abin da farar hula suka kasa, soja ne suka yi shi da alƙalami ɗaya. Bayan juyin mulkin 1966 aka rushe jam'iyyu, daga baya aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Filato, gwamnatin Janar Obasanjo ta yi gyaran ƙananan hukumomi, kuma a zaɓen da ya biyo baya aka yarda matan Arewa su jefa ƙuri'a su kuma tsaya takara. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da haka ga duk ɗan Nijeriya da ya kai shekara 18. Daga ranar da Gambo ta yanki katin NEPU zuwa ranar da ta samu damar jefa ƙuri'arta ta farko, shekara 26 ke nan. Ta shiga tana budurwar shekaru, ta samu tana da shekara 43. Fitinar da aka yi ta tsoro kuwa ba a gan ta ba. Mazajen da aka ce ba za su yarda ba, su ne suka riƙa ɗaukar hayar mota suna kai matansu rumfa, da 'yan siyasa suka gane cewa gida mai mata huɗu ƙuri'a biyar ne.

A Jamhuriya ta Biyu ba ta bi Malam Aminu zuwa PRP ba. Ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai kirarin siyasa ba da gaba ba, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar na ƙasa. GNPP ta ci gwamnonin Borno da Gongola a 1979, mu nan Filato kuwa NPP ce ta kawo Cif Solomon Lar. Shi ma Malam Aminu bai saki maganar mata ba: da yake shirin takarar 1983 mace ya ɗauka mataimakiya, Misis Bola Ogunbo, sai dai rai ya yi halinsa ranar 17 ga Afrilu na shekarar, kafin zaɓe.

Wani abin da ba a cika faɗa ba game da ita shi ne gidanta. Gidan nan nata na Sabon Garin Zariya bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. 'Ya ɗaya ta haifa, amma ta riƙe 'ya'yan mutane da yawa, marayu da waɗanda aka yar, ba ta tambayar ƙabila ko addini. Tukunyarta ba ta sauka. Abin da ta samu ta hanyar kasuwanci da abin da masoya suka ba ta, a nan yake ƙarewa. Ba ta bar rukunin gidaje a Kaduna ko Abuja ba. A 1998 ta sanar da cewa ta bar siyasa, domin a ganinta harkar ta lalace, ta zama ta kuɗi da son kai. Ka tuna shekarar ce jam'iyyu biyar suka taru suka tsayar da mutum ɗaya, Janar Abacha, takarar shugaban ƙasa.

Mu mutanen Jos muna da wata 'yar alaƙa da tarihinta: littafin da Rima Shawulu ya rubuta kan rayuwarta, maɗaba'ar Jami'ar Jos ce ta buga shi a 1990, tana da rai. Da Turanci yake. Ga ɗalibanmu da ke jami'ar, in da mai himma, fassara shi zuwa Hausa aiki ne da iyayenmu mata za su sa masa albarka.

To, ina aka kwana? Ƙuri'a dai an samu, wakilci ne har yanzu da saura. Jiharmu ta Filato ta fitar da mace ta farko da aka zaɓa mataimakiyar gwamna a Arewa, Pauline Tallen, a 2007. Amma majalisar dattawan da aka rantsar a 2023, mai kujeru 109, da mata uku ta fara, daga baya kotu ta ƙara ta huɗu. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi a ware wa mata kujeru. Mu kuma a Jos ta Arewa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, mun ɗanɗana wani nau'in rashin ƙuri'ar: bayan zaɓen Nuwamba 2008 da abin da ya biyo bayansa, wanda ba ma fatan Allah Ya maimaita, sai da aka kai Oktoba 2021 kafin a sake zaɓen ƙaramar hukuma a nan. Shekaru da dama ana naɗo mana shugabanni, Musulminmu da Kiristanmu, Bahaushe da Birom da Anaguta da Afizere, babu wanda aka tambaya. Hujjar da aka bayar kuwa ita ce tsoron fitina, irin dai wadda aka ba su Gambo.

Sai dai wani laifin namu ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su wuce kimanin miliyan 25 ba. A kasuwa ina jin masu cewa an riga an rubuta sakamako, fita ɓata lokaci ne. Akwai kuma magidanta a unguwar nan da har yau katin matansu yana kulle a akwatinsu, sai ranar zaɓe su fito da shi tare da umarnin inda za a dangwala, wasu ma su karɓi taliya da sabulu a madadinsa. Wanda ya yi haka ya mayar da mu zaɓen hawa-hawa na 1951, sai dai wannan karon shi ne En'en.

Hajiya Gambo ta yi fama da rashin lafiya a ƙarshen rayuwarta, jikin da ya sha duka da ɗauri ya fara karɓar bashinsa. Ta rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a watan Oktoba na 2001, tana da shekara 68. Labarin rasuwar bai yi ƙara sosai a nan Jos ba, domin wata guda ke nan da rikicin 7 ga Satumba, kowa na ta neman nasa, wasu na zaman makoki, wasu na neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Bayan asibitin Ƙofar Gayan, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano da ke ɗauke da sunanta, a garin da aka taɓa haɗa ta da 'yan doka aka fitar da ita. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata kurakuranta, amin.